Sirdin Kekenka Yana Ƙara Tsawo

Zuwa ga yayana, Malam Auwalu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Idan ka tambayi mutanen gida, kowa yana nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Damina ta yi albarka, geron gonarka ta hanyar Zango ya fitar da kai, har an fara korar tsuntsaye.

Na san abin da masu karanta wannan a waya za su ce: Rabi ta zare, tana rubuta wa mamaci takarda. Su ce mana. Ni ma na zauna gaban malamai, na san wanda ya tafi ba ya karɓar saƙo sai addu'a. Amma maganar nan ta tokare mini maƙoshi, kuma duk Daura babu wanda ya cancanci ya ji ta sai kai, tunda kekenka ne, 'yarka ce, uwarka ce.

Bari in fara daga inda ka bar mu. Zazzaɓin da ya kwantar da kai bai ba mu damar ko yin sallama ba. Matarka ta gama takaba ta koma gidan iyayenta a Baure, 'yarka Ummi kuwa ta zauna wurinmu saboda makaranta, ni da Inna muke riƙonta. Da aka zo rabon gado sai kekenka ya faɗa cikin kasonta. Kowa ya ce madalla, domin makarantar tasu tana can bayan gari, sai an bi babban titi, kuma yarinyar ta gaji da taka ƙasa cikin rana.

Matsalar ɗaya ce, kai ma ka san ta. Kai dogo ne, Yaya, dogon da sai ka sunkuya kake shiga soronmu. Ummi kuwa ni ta ɗebo, mu gajerun gida. Da ta tsaya kusa da keken, sirdin yana neman haƙarƙarinta.

Sai na tuna ranar da ka koya mini. Ina 'yar budurwa na ishe ka da naci sai na iya keke, Inna tana faɗa daga ɗaki wai za mu ja mata magana a unguwa. Ka miƙo mini sifana ka ce ba zan hau ba sai na iya daidaita shi da kaina. "Sirdi na mai hawa ne, ba na mai keke ba," haka ka ce. Ka sa na zauna ina dafe da bango, na ɗora dunduniya a kan feda lokacin da take ƙasa. Idan ƙafa ta miƙe ba tare da na karkata ƙugu ba, to an samu. Idan ana tuƙi ƙugu yana rawa hagu da dama, sirdi ya yi sama. Idan gwiwa tana neman haɓa, ya yi ƙasa.

Ka zare ƙarfen sirdin gaba ɗaya ka nuna mini wani layi da aka zana a jikinsa tun daga kamfani, can wajen gindi. Ka ce duk tsawon mutum, layin nan ba ya leƙowa waje, domin in ya leƙo, abin da ya saura a cikin bututun bai isa ya riƙe ko ɗan akuya ba. Kai kanka dab da shi kake tsayawa, ba ka taɓa wucewa ba. Sannan ka matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinka, ka kama kan keken ka murɗa da ƙarfi. In ya juya alhali taya tana tsaye, ba a hawa. Ka ce, "Rabi, keke ba ya kayar da mutum, noti ke kayar da shi." Na yi ta dariya ranar, don yadda ka haɗe rai sai ka ce huɗuba kake karantawa.

Haka na yi wa Ummi, ban rage komai ba. Da na kwance notin sai na ga wurin da ka saba tsayawa: daga nan zuwa sama ƙarfen ya yi tsatsa, rana da ruwa sun ci shi, daga nan zuwa ƙasa kuwa fes yake, da sauran giris ɗinka a jiki. Na danna tsatsar ta shige cikin bututu. Na daure na ɗaure notin har sai da sifana ta yi mini shaida a tafin hannu. Kan keken ya ɗan yi wa Ummi sama, na so in sauke shi, amma ɗaurinka ne, ya fi ƙarfina, kuma sifanar da ke hannuna ba ta shiga wannan notin. Na murɗa na ji shi daram, na bar shi a haka.

Da ka ga 'yarka a kwanakin farko da ka ji daɗi. Ta tattare hijabi ta zauna a kai kada ya shiga taya, ta buga ƙararrawa ta fice, 'yan acaɓa suna ba ta hanya.

Wata safiya ta tsaya a soro ta tambaye ni ko na taɓa sirdin. Na duba, ya tashi kamar faɗin yatsa. Na ce mata ƙila ban ɗaure da kyau ba, na sauke na ƙara matsewa. Amma Yaya, ni tela ce, da keken ɗinki nake kwana nake tashi, na san halin ƙarfe. Noti in ya saki, sirdi ƙasa yake yi da nauyin mai zama. Ban taɓa jin wanda ya yi sama don kansa ba.

Bayan 'yan kwanaki ya sake tashi. Na sauke. Ya sake. Abin da ya fi tayar mini da tsikar jiki shi ne ba wuri ɗaya yake komawa ba, kullum sai ya ɗara na baya. Da a ce kai tsaye yake komawa kan tsatsarka, da na ce wani ƙato ne yake satar hawa. Wannan kuwa a hankali yake tafiya, kamar wani yaro ne yake girma a soron ba ma ganinsa.

Na zargi yaran unguwa, har na yi wa wasu wankin babban bargo ba su ji ba ba su gani ba. Na koma saka sakata a ƙofar waje da zarar Ummi ta dawo. Sifanarka na ɗauke ta daga ƙusar da kake rataye ta, na tura cikin aljihun keken ɗinkina ƙarƙashin zare. Gidan nan mu uku ne, ni da Inna da Ummi, babu namiji ko na magani. Duk da haka ya tashi.

Ka san yadda unguwarmu take tsakanin azahar da la'asar a bazara. Ko kaza ba ta motsi, titi ya yi tsit, tsofaffi suna cewa lokacin ba na mutane kaɗai ba ne. Wata rana na kishingiɗa barci ya fara ɗibata, sai na ji daga soro: ƙwas. Shiru. Ƙwas. Bugun ƙarfe ne a hankali, irin na wanda ba ya so a ji. Can sai ƙararrawar keken ta yi ƙara sau ɗaya, ƙasa-ƙasa.

Wallahi Yaya, ni Rabi da ake cewa ba ta tsoron uban kowa, na kasa sauke ƙafa daga kan katifa. Na yi ta jan Ayatul Kursiyyu har aka kira la'asar. Da na leƙa babu kowa, sakata tana nan yadda na sa ta. Sirdin ya tashi. Na kai hannu na dafa shi, na ji shi da ɗumi, alhali soron a inuwa yake tun safe.

Na kai wa Inna maganar tana tsintar wake. Ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce in rufa mata asiri da wannan zance.

Ban yi mamaki ba, ka san Inna da duk abin da ya shafe ka. Kai ne ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, "yaron nan" take cewa har ka yi furfura a gemu. Kaka ce ta goya ka, a ɗakinta ka tashi. In ka shigo gaisuwa ka durƙusa daga bakin ƙofa, Inna ta juya fuska wajen bango ta amsa, kai ma ba ka daɗewa. Ranar da aka fita da kai mata suna ta kuka, ita tana zaune da carbi ido a bushe, ana yaba mata kunya da tawakkali. Ni haushi ne ya cika ni ranar, ba zan ɓoye maka ba. Duk son da ban ga ta nuna maka ba a kan Ummi take juye shi, tunda sunanta ka sa mata. "Takwarata" kaza, "takwarata" kaza, ko ciwon kai yarinyar ta yi Inna ba ta runtsawa.

Na aika aka tambayo mini limamin unguwa. Ya ce mamaci ba ya dawowa, kada in bari shaiɗan ya yi wasa da hankalina, a riƙa karanta Baƙara a soron. Na kunna ta a waya na ajiye kusa da keken. Matan makwabta kuwa kowa da tata fatawar, ƙarshenta duk ɗaya: a rabu da shi. Raina ya ɓaci, na ce to, ya sake tashi ko sau ɗaya ne, kasuwa za shi. A gaban Ummi na faɗa.

Daga ranar sai aka daina kawo mini ƙara. Ummi ta samo tsohon buhu tana rufe keken da shi, wai saboda kaji. Da safe kafin in gama lazimi ta tura shi ta fice. In na tambaye ta sirdi fa, ta ce lafiya lau, Gwaggo. Na ce Alhamdu lillahi, karatu ya yi aiki.

Wata mai sayar da kayan miya a bakin titi ce ta ba ni labarin sauran daga baya. Ta ce sun daɗe suna ganin yarinyar tana wucewa a tsaye a kan feda, in ta gaji ta zauna, ƙugu yana rawa, yatsun ƙafa da ƙyar suke taɓawa. Ranar da abin ya faru, tana dawowa daga makaranta, babbar mota cike da shanu ta danno mata ham daga baya, ga rami a gaba. Ta kama birki ta koma kan sirdi da ƙarfi. Sirdin ya juya, ya fice daga bututun gaba ɗaya.

Allah ya sa gefen yashi ta faɗa, ba gefen kwalta ba. Jakarta ce ta faɗa ɗaya gefen, tayar motar ta bi ta kanta. Na ga jakar, Yaya, har yanzu ba na son tuna yadda ta koma.

A adaidaita aka kawo mini ita, hannun dama ya karye wajen tsintsiya, fuska duk ƙurjewa. Mai ɗori ya zo ya yi aikinsa, ta ciji haɓar hijabi ba ta yi ihu ba, taurin ranka ta gado. Da ya tafi na zauna kusa da ita, na tambaye ta don me ta ɓoye mini. Ta ce, "Gwaggo, Baba ne yake zuwa. In kika sayar da keken, ina zai riƙa zuwa?"

Na fita tsakar gida na zauna a kan turmi.

Inna kuwa ta zo bakin ƙofa ta tsaya, ta juya ta shige ɗakinta. Ba ta zo ta dafa yarinyar ba, tuwon da na kai mata ma haka na ɗauko shi. Na ce a raina, yau kuma har takwarar ake yi wa kunya? Wannan wace irin zuciya ce?

Keken ya dawo gida sirdi daban, kansa a murɗe yana kallon gefe. Na duba ƙarfen sirdin, na ga shaidar inda aka matse shi. Ya wuce tsatsarka, ya wuce layin kamfani, ɗan abin da ya rage a ciki bai kai gaɓar yatsa ba. Na tura keken a haka har kasuwa ana kallona, na kai shagon Oga Emeka, Ibon nan da kake sayen kaya wurinsa. Ya sake yi mini ta'aziyyarka, ya juya ƙarfen a hannu ya ce, "Wa ya ɗaga shi haka? Ko Malam Dogo bai kai nan ba." Ya ba ni sabon notin sirdi. Na kan keken kuwa ya gwada ya gwada, sifana tana zamewa. Ya ce dogon ƙarfen da ke ciki ya lanƙwashe, ba shi da irinsa sai kaya sun zo daga Kano, kuma kada kowa ya hau kafin nan.

Na dawo da shi soro, na mayar da sirdin ƙasa, na jingina shi da karkataccen kansa. Tsoro yana nan, amma fushi ya fi shi yawa. Na ce ko mutum ne ko aljan, wanda ya kusa kashe mini 'ya sai na ga idonsa.

Washegari bayan azahar na shiga soro na zauna a lungu bayan buhunan gero, carbi a hannu, gumi yana bin bayana. Garin ya yi shirun nan nasa. Ina kallon ƙofar waje, don ta nan nake jiran abin. Sai na ji takun ƙafa a hankali, ana jan silifa. Daga cikin gida yake tahowa.

Inna ce.

Ta shigo tana lalube bango, yanar idonta da ka sani ta ƙaru bayan tafiyarka. Ta tsaya gaban keken ta kwance haɓar zaninta, ta fito da ƙaramar sifanar nan taka mai igiyar fata, wadda ba ta rabuwa da aljihunka. Ashe lokacin da aka kai mata kayanka za a rabar, ita kaɗai ta ɗauka ta ɓoye. Ta laluba ta sa ta a noti, ta ɗauki dutsen da muke tokare ƙofa da shi. Ƙwas. Ta saurara. Ƙwas.

Ta kama sirdin da hannu biyu ta ja shi sama tana nishi. Ta tsaya a gefensa ta ɗora tafin hannu, ta yi jim, ta girgiza kai. Ta ƙara ja. Ta sake dafawa, leɓunanta suna motsi. Gefen mayafinta ya shafi ƙararrawa ta yi 'yar ƙara.

Na ce, Inna.

Ba ta firgita ba, ba ta kuma juyo ba. Da ta buɗe baki bango take kallo, yadda take yi in kana durƙushe a ƙofarta. Ta ce, "Kowa ya zo gaisuwa sai ya ce mini dogo ne. Ni ban taɓa ɗaga ido na gani ba. Ƙafafunsa na sani, da muryarsa."

Ta ce tun da aka jingine keken a soro lokacin zaman makoki, in ta zo wucewa babu kowa takan dafa sirdin, ta ce ashe nan ƙugunsa yake kaiwa. Ranar da na sauke wa Ummi, ta miƙa hannu yadda ta saba sai ta dafa iska. Tun daga nan take neman wurin. Kullum ta ɗaga sai ta ga kamar ka fi haka. Ta san ina saukewa duk safiya, don tana jin mitata, ba ta san don a ɓoye mini ne yarinyar ta fara rufewa da buhu ba. Ta ce ita ta ɗauka abin zama ne kawai, ko'ina ya tsaya zama ake yi. "Da hannuna na kusa kashe masa ita, Rabi. Da wane ido zan kalle ta?"

Yaya, duk fushin da na tara a kan matar nan tun ranar jana'izarka, a nan ya zube. Tausayinta ya kama ni.

Na karɓi sifanar. Na sauke sirdin a hankali har tsatsarka ta zauna daidai bakin bututu, inda ka bar ta, na ɗaure. Na kama hannunta na ɗora a kai na ce mata nan ne. Ta shafa shi gaba da baya, ta kawo ɗaya hannun ta ɗora. Ta ce, "Ashe na wuce shi." Sai kafaɗunta suka fara rawa. Na juya fuskata wajen bango na bar ta da kai.

Kafin la'asar na samo guntun katako na kafa a bangon soro daidai wannan tsayin, na ɗinka masa riga da ragowar yadin shaddarka. Ita da kanta ta ce in sauke wa takwararta sirdin, in ɗaure da kyau, kuma ta bar mini sifanar. Yanzu in za ta wuce katakon take dafawa, har yadin ya fara duhu.

Na gaya wa Ummi gaskiya, don ba na son ta girma a kan abin da ba shi ne ba. Na ga wani abu ya mutu a idonta, ta rasa ka karo na biyu. Daga baya ta tashi da hannunta a ɗaure ta shiga ɗakin Inna. Ban bi ta ba. Da na leƙa da yamma kanta yana kan cinyar tsohuwar, ana yi mata tsifa.

Da a nan maganar ta ƙare da ban dame ka da takarda ba.

An kwance ɗori, hutu ya zo ya wuce, kayan Oga Emeka ba su iso ba. Na riga na yanke cewa a ƙasa za ta riƙa tafiya sai an gyara kan keken. Ana gobe komawa makaranta na shiga soro da tsumma in goge shi, da rana tsaka. Na tsaya a gabansa, sai na ga kan keken yana kallona sosai. Na leƙa ta sama, ya yi daidai da tayar gaba, babu karkata ko ta gashi. Na matse tayar tsakanin gwiwoyina na murɗa da iya ƙarfina, ko gezau. An kuma sauke shi, daidai inda na so in kai shi tun farko na kasa. A wuyansa akwai sabon giris, ɗanye, yana ƙamshi.

Sifanu biyun suna cikin aljihun keken ɗinkina, kuma babu wadda take shiga wannan notin. Sakata ban daina sa ta ba. Na tambayi Inna, ta ce, "Ni sirdi na sani." Ummi ta rantse, kuma ba sai ta rantse ba, hannun da ko tsumma bai iya matsewa ba tukuna.

Ban yarda ta hau ba sai da na sake tura shi wurin Oga Emeka. Ya sa sifanarsa, wannan karon ta kama. Ya zaro dogon ƙarfen, shi ne dai na da, da cinyayyen kansa, amma a miƙe sambal. Ya mayar ya ɗaure, ya gwada birki, ya murɗa kan da kansa, ya ce a hau lafiya. Na tambaye shi ko shi ya aiko wani. Ya shafo giris ɗin a yatsa ya shinshina, ya dube ni, ya goge a wandonsa. Ya turo mini keken.

Ban ce kai ne ba, Yaya. Na san aƙidata, na san wanda aka rufe ya tafi ke nan, Allah shi ne masanin abin da ke ɓoye. Har yanzu in rana ta take, gari ya yi tsit, nakan tsayar da ɗinki in kasa kunne wajen soro, tsikar jikina tana tashi. Sai dai wannan karon ban kunna komai don in kori kowa ba. Ummi ma ba ta tambaye ni ba, ni kuma ban gaya mata abin da za ta zata ba.

Da safe na sa ta yi komai da hannunta a gabana. Ta dafa bango ta ɗora dunduniya a feda, ƙafa ta miƙe, ƙugu bai karkata ba. Ta duba layin kamfani, yana can ciki a ɓoye. Ta girgiza sirdi, ta matse taya ta murɗa kai. Na ce mata kullum haka za ta yi kafin ta fita, ko da ta makara, kuma buhun nan na ƙona shi. Na faɗa mata maganarka ta noti, ta yi dariya yadda na yi.

Muna cikin haka sai ga Inna ta fito. Matar da ba ta taɓa rako ka ko bakin tsakar gida ba, ta zo har ƙofar soro, hannu ɗaya a kan katakon nan. Ummi ta tattare hijabi ta hau, ta buga ƙararrawa. Ta fara tafiya ke nan Inna ta ɗaga murya, yadda har mai kosai na tsallake sai da ta waiwayo, ta ce:

"Allah ya kiyaye hanya, 'yar Auwalu."

Ta faɗe shi, Yaya. Ta faɗe shi daidai, bai sarƙe mata ba, kamar wadda ta daɗe tana maimaita shi a ciki. Keken ya ɗan yi tangaɗi, Ummi ta riƙe shi ta miƙe hanya. Ni kuwa ina tsaye da sifana a hannu, hawaye ya hana ni ganin inda ta sha kwana. Ka yi shekarunka duka a gidan nan ba ka ji ba, shi ya sa na ce sai na kawo maka.

Allah ya jiƙanka, ɗan'uwana, ya gafarta maka, ya kai haske kabarinka, ya yalwata shi daidai tsawonka har da ƙari. Allah ya tsare mana Ummi a kan titi, ya raya ta, ya sa ta zama mai yi maka addu'a. Ya ba Inna sauran kwana masu sauƙi, ranar da ya haɗa ku a Aljanna kuma ya cire mata nauyin ido ta kalle ka tun daga ƙafa har kai. Masu karantawa, wanda ya kawo nan ya sa yayana a addu'a.

Wassalam.

Ƙanwarka, gajeruwar gida,
Rabi